Yadda za ka bi sawun hadari da wayarka tun kafin ya iso Tawa

Bara waccan, cikin watan Yuli, na yi asarar siminti buhu goma sha ɗaya a dare guda. Na sauke shi ne a filin da nake gini can bayan gari, don magina su kama aiki da sassafe. Da la'asar na duba waya, manhajar yanayi ta nuna mini rana da ɗan guntun girgije a gefenta. Na ce ashe ba sai na je aron tamfol ba. Wajen ƙarfe biyun dare ƙarar kwano ta tashe ni, kafin in lalubo takalmi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye buhunan nan sun zama duwatsu, kowane da siffar buhunsa.

Kwana biyu bayan haka ina ba da labarin a fada, sai ƙanen wani abokina da ya karanci ilimin yanayi a Yamai ya karɓi wayata, ya buɗo hotunan sama na daren, ya ja su baya. Ya ce, "Yaya, ka ga wanga farin dunƙule? Tun magariba yana bisa Tanut. Awa bakwai ya yi yana tafowa wurinka, kai ko kana kallon hoton rana." Abin da ya koya mini a zaman shayin nan, da wanda na ƙara da kaina a damina biyu, shi zan shimfiɗa a nan daki-daki.

Mataki na farko: san irin hoton da kake kallo

Hotuna iri uku ke yawo a wayoyinmu, kuma duka "radar" mutane ke ce musu. Wannan ruɗanin ne ya cinye mini siminti.

Radar na ainihi na'ura ce da ake girkawa a ƙasa, galibi kusa da filin jirgi: babban faranti a cikin wani farin ƙoƙo mai kama da ƙwallo, bisa hasumiya. Aikinsa irin na amsa-kuwwa ne. Duk wanda ya yi kiwo a duwatsun Adar ya san in ka ƙwala kira dutse kan maido maka da muryarka, kuma gwargwadon nisan dutsen gwargwadon jinkirin amsar. Haka radar ke harba igiyar rediyo guntu-guntu, ta bugi ɗigon ruwa ko ƙanƙara a cikin girgije ta dawo. Igiyar tana gudu irin na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka ruwan da ke nisan kilomita 150 amsarsa na dawowa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Jinkirin ke faɗin nisa, ƙarfin amsar ke faɗin yawan ruwan. Farantin yana juyawa yana ɗaga kai kaɗan-kaɗan, duk minti biyar zuwa goma ya fitar da sabon hoto.

In ka samu hoton radar na gaske, za ka ga ma'auni a gefe an rubuta masa dBZ. Lamba 20 yayyafi ne, bai kai milimita ɗaya a awa ba. Lamba 30 wajen milimita uku ne a awa, 40 ya ɗara goma, 50 kuwa ya doshi milimita hamsin, irin ruwan da ke cika lungu kafin ka gama rufe taga. Daga 55 zuwa sama ka sa ran ƙanƙara. Yawanci kore ne mai sauƙi, rawaya matsakaici, ja da shunayya masu ƙarfi, amma kowace manhaja da nata fentin, saboda haka ka karanta ma'aunin, kada ka haddace kala. Ka kuma san cewa radar na da son manya: ɗigon da ya ninka wani kauri sau biyu, amsarsa ta ninka sau 64. Ƴan manyan ɗigo tsiraru na iya sa hoto ya yi ja alhali ruwan bai taka kara ya karya ba.

Matsalarmu ita ce idon radar gajere ne. Duniya a lanƙwashe take, igiyar kuwa kusan a miƙe take tafiya, shi ya sa a nisan kilomita 200 ta riga ta yi sama da ƙasa da kimanin kilomita huɗu, tana wuce ƙananan gizagizai ta bisa kansu. A daminar 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, an girka radar na jami'ar MIT ta Amurka kusa da filin jirgin Yamai, kuma masana sun ƙaru ƙwarai da shi wajen gane halin hadarinmu. To amma tsakanin Yamai da Tawa, a miƙe kamar tafiyar tsuntsu, kimanin kilomita 370 ne. Ko da akwai radar a Yamai, ba zai gaya maka abin da ke sauka a Kaita ba. Irin waɗannan na'urori ba su da yawa a Sahel, ƴan kaɗan ɗin da ke akwai ma ba kasafai hotonsu ke isowa manhajojin waya ba. Idan ka buɗe shafin radar ka ga sararin Tawa fayau, mai yiwuwa ba hadari ne babu ba, mai gani ne babu.

Iri na biyu hasashe ne: manyan kwamfutoci a Turai ko Amurka sun yi lissafi sun zana inda suke zaton ruwa zai sauka. Yana da amfani wajen sanin ko makon nan na da danshi ko fari zai yi, amma wajen faɗin gari da sa'a, hadarinmu kan ba shi kunya. Shi na duba ranar siminti.

Iri na uku shi ne dokinmu na hawa: hoton tauraron ɗan'adam. Taurarin Meteosat na hukumar EUMETSAT ta Turai suna tsaye a nisan kimanin kilomita 36,000 daidai saitin mashigin tekun Gini, suna kallon Afirka dare da rana. Tsofaffin na ba da hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 kuwa duk minti 10, har da na'urar ganin walƙiya a jikinsa. Ana samun hotunan kyauta a shafin EUMETView, da manhajoji irin su Windy da Zoom Earth.

Ga hanya mai sauƙi ta bambance su. Ja sandar lokaci da ke ƙasan hoton. In ta kai ka gobe da jibi, hasashe ne. In ta tsaya a yanzu, baya kawai take komawa, to abin da aka gani ne da gaske.

Mataki na biyu: gyara agogo, ka san garuruwan gabas

Wasu shafukan da agogon UTC, wato agogon duniya na GMT, suke aiki, mu kuwa muna gabansa da awa ɗaya. In ka ga 16:00 UTC, biyar na yamma ke nan a Tawa. Ka kuma duba shekarun hoton: sau da yawa wanda ke gabanka ya yi minti 15 zuwa 30 da ɗauka.

Hadarin damina daga gabas yake zuwa, wannan ko yaro ya sani. Galibi yamma yake dosa, yana ɗan karkatawa kudu. Don haka ka riƙe nisan garuruwan da ke gabanmu, a miƙe ba ta hanyar mota ba: Kaita wajen kilomita 55, Buza kusan 100, Abalak wajen 125 ta arewa maso gabas, Dakwaro wajen 165, Tanut kusan 390. Da waɗannan biyar a ka, taswirar ta zama ma'auni.

Mataki na uku: nemo bakin hadarin

Da rana kana iya kallon hoto mai kama da abin da ido ke gani. Da dare wannan ba ya aiki, sai ka koma hoton auna zafi, wanda ake yi wa alamar IR. Shi ba ruwa yake gani ba, sanyin ƙoƙon girgije yake aunawa. Girgije in ya yi tsawo kansa kan yi sanyi, kuma hadarin da ya isa hadari kansa na kai awo 60 zuwa 80 ƙasa da sifiri. A hoton baƙi da fari shi ne fari fat. A mai kala, ma'aunin gefe zai nuna maka kalar da ta fi sanyi.

Mafi yawan ruwan da muke samu a shekara, wanda a Tawa bai cika haura milimita 400 ba, ƴan manyan hadura ne ke kawo shi, masu tafiya a jere kamar sahun masallaci, tsawonsu daga arewa zuwa kudu ɗaruruwan kilomita. Da yawansu da rana tsaka zuwa la'asar suke haɗuwa a wuraren tudu, irin duwatsun Abzin da Damargu, sannan su kamo hanya. Wanda ya ratsa mu da dare kan isa Yamai bayan awa shida ko bakwai, shi ya sa mutanen can suka saba da ruwan asuba.

Irin wannan hadari kashi uku ne, kuma duk wanda ya zauna ƙarƙashinsa ya san su ko bai taɓa ganin taswira ba. Da fari iska mai sanyi da jar ƙura. Sai ruwa mai ƙarfi da tsawa, rabin awa zuwa awa guda. Sai ya ɗan lafa, sannan ruwa mai laushi ya biyo baya ya yi awa biyu ko uku yana zuba, wanda manoma suka fi so don shi ke shiga ƙasa. A hoton radar na gaske za ka ga siririn jan layi a gaba, da faffaɗan kore a bayansa. A hoton tauraro kuwa duka sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya, malafar girgijen ta rufe kome.

Nan ne masu koyo ke kuskure: sai su auna daga tsakiyar dunƙulen. Tsakiyar ba ruwanka da ita. Gefen yamma za ka nema, inda fari ya yanke tsaf kamar an sa wuƙa, kuma wuri mafi sanyi na manne da shi. Wannan ne bakin hadarin, nan iska da aradu suke. Gefen gabas da ke bajewa kamar audugar da aka shiƙa, wutsiya ce.

Sai ka tambayi kanka abu ɗaya: bakin nan, in ya ci gaba yadda ya nufa, zai haɗa da saitin Tawa? Sau da yawa hadari kan cika gabas da baƙi, mu kwashe shanya, ya zarce ta Madawa da Ƙwanni ya bar mu da iska. Kawuna in ya ga irinsa yakan ce, "Wanga na mutanen Ƙwanni na, ku koma ku zamna." A taswira za ka ga dalilinsa: ƙarshen layin na arewa bai kai saitinmu ba.

Mataki na huɗu: yi lissafin isowarsa

Hoto ɗaya ba ya faɗin kome, sai an jera. Koma baya awa ɗaya, ka ga inda bakin yake, ka dawo yanzu ka ga inda ya kai. Ni farcen babban yatsa nake ɗorawa a gilashin waya daidai bakin, in ja sandar lokaci ba tare da na motsa taswirar ba. Tazarar da ta buɗe tsakanin farcen da sabon bakin, ita ce tafiyarsa ta awa guda.

Misali, ƙarfe biyar na yamma bakin na kan Dakwaro. Ƙarfe shida ya ci kashi ɗaya cikin uku na hanyar zuwa Tawa, wato wajen kilomita 55. Saura 110, awa biyu ke nan, zai iso wajen takwas. Yanzu cire rabin awa, saboda hoton ya ɗan jima a hanya kuma iskar kan riga girgijen isowa. Ka shirya wa bakwai da rabi, ana idar da magariba ba da jimawa ba. In za ka aiki yaro kasuwa, ka aike shi yanzu.

Yawancinsu tsakanin kilomita 40 da 60 suke ci a awa. In rezo ya yi tsiya ka samu hoto ɗaya tak, raba nisan da 50, ka ɗauka a matsayin kintace. In ya dawo, sake aunawa duk rabin awa, domin hadari kan ƙara mai, yakan kuma canza akala. Kada ka bar hoton yana ta juyawa da kansa, nan ne mega ke ƙarewa.

Mataki na biyar: girma yake ko mutuwa?

Ba kowane hadarin da ya taso ke isowa ba. Dubi wurin nan mafi sanyi a hotuna uku ko huɗu a jere. In yana faɗaɗa, bakinsa na ƙara kaifi, alamun walƙiya na taruwa a gefen yamma, to da ƙarfinsa yake tafe. In kalar na dusashewa, gefuna na yagewa, walƙiya ta ɗauke, ya fara mutuwa, sai dai a ce bakan gizo ya shanye shi. Daga la'asar zuwa tsakar dare suka fi samun ƙarfi. Wanda hantsi ya riska a hanya sau da yawa yakan saki jiki.

Abu biyu na iya kayar da kai duk da haka. Na farko hadarin da ke haɗuwa a kanka. Da la'asar mai zafi girgije na iya tashi daga ba kome ya zama hadari cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, ba daga Tanut ya zo ba balle ka bi sawunsa. In ka ga ƙananan fararen ɗigo na ɓullowa kamar ƙuraje tsakanin Kaita da Tabalak, ajiye lissafi ka fita ka dubi sama.

Na biyu hadarin farkon damina, na Mayu da Yuni. Iskar ƙasa a bushe take, ruwan kan ƙafe tun bai taɓo ƙasa ba. Hoto ya nuna hadari sosai, abin da zai iso ka kuwa bangon ƙura ne da iska mai ɗaye kwano, sai ɗigo bakwai a kan gilashin mota. A ganina wannan ya fi na Agusta ɓarna ga mai rumfa da mai farantin sola. A EUMETView akwai hoto na musamman na ƙura, inda take fitowa da ruwan hoda mai haske, manyan gizagizai kuma ja mai duhu. Da rana tsaka ko da dare, yana nuna ƙurar da ke gudu a gaban hadari in girgije bai rufe ta ba.

Mataki na shida: kira mutanen gabas

Tunda ba mu da radar a ƙofar gida, mutane ne radar ɗinmu. Ina da ɗan'uwa a Kaita, da wani direba da ke bin hanyar Abalak, da surukin ƙanwata a Buza. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa. Sai dai ka iya tambaya. In ka ce "ya hadari?" za a ce maka "sai godiya". Ka ce: ƙarfe nawa iska ta iso ku? Da ƙura ko babu? Ruwa ya biyo baya ko iska ce kawai? Ƙorama ta kawo? In iska ta bugi Kaita, kana da kamar awa guda, wani lokaci ƙasa da haka. Kai ma in ta wuce ka, ka tura wa na yamma, mutanen Bagarawa da Filinge.

Wannan duka ba ya maye gurbin sanarwar hukumar meteyo ta ƙasa da ake bayarwa a Télé Sahel da gidajen rediyo. Su suna da ma'aunai a tashoshi da ƙwararrun da aikinsu ke nan, kuma Yamai ce mazaunin cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD masu fitar da hasashen damina na yankin kowace shekara. In sun yi gargaɗin ruwa mai yawa, ɗauki nasu ka ɗora naka lissafin a kai don sanin sa'a.

Mataki na bakwai: rabin awar ƙarshe

Daga nan waya ta gama nata, ido da kunne ne. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, ka raba da uku, ka samu nisan a kilomita. Daƙiƙa 30 kilomita goma ke nan, kuma daga nan aradu na iya kai wa gare ka ko ɗigo bai sauka ba. Shiga ɗaki ko mota mai rufi. Gindin gawo ko bedi a tsakiyar gona ba mafaka ba ne, haka rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe. Ɗan kabu-kabu ya sauka daga babur. A zare talabijin da caja daga bango, kuma a ba tsawar ƙarshe minti 30 kafin a koma fili.

Awa biyun da lissafi ya ba ka, ga inda za su tafi: rufe siminti da hatsi, a danne tamfol da duwatsu ba da bulo ɗaya ba, a duba indararo ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, don soron ƙasa ta nan yake fara ciwo, a ɗaure farantin sola, a kawar da dabbobi da shimfiɗar yara daga jikin tsohuwar katanga.

Sai maganar ƙorama, wadda ita ta fi cin rai. A ƙasar Adar ruwan da ya sauka a kan duwatsu ba ya tsayawa, kwari yake bi. Kana iya kasancewa a wurin da ko yayyafi ba a yi ba, ƙorama ta kawo daga ruwan da aka yi a nisan kilomita talatin. Kafin ka kama hanyar Kaita ko kwarin Majiya, ja hoton baya awa uku ka ga ko hadari ya zauna a saman kwarin. In ka iso ka tarar tana gudu, kashe mota ka jira tare da kowa. Yawanci ƴan awoyi ne ta janye.

Gwangwani da littafi

Abin da ya fi gyara mini ido bai kai dala ba. Gwangwani ne mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, na kafa shi kan turke a tsakar gida nesa da bango da itace. Da safe in tsoma abin awo na ƴan makaranta in karanta zurfin ruwan. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. Ga mai shuka wannan ba wasa ba ne: ma'aunin da masana noma suka daɗe suna amfani da shi a Sahel shi ne a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere kafin a ce damina ta kama, kuma kada fari na fiye da mako guda ya biyo baya a cikin watan.

A littafin nakan rubuta abu huɗu: inda na fara ganin hadarin, sa'ar da na lissafa, sa'ar da iska ta iso, da abin da gwangwani ya tara. Bayan shafi biyu na lura hadura masu ƙarfi kan zo ne kusan duk kwana uku zuwa biyar, abin da ƙanen abokin nan nawa ya ce yana da nasaba da wani kaɗawar iska da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa tekun Atlantika. Na kuma lura a watan Yuni lissafina kullum a makare yake: sau uku ƙura na riga ni da kusan minti arba'in. Tun daga nan, in damina ba ta zauna ba, awa guda cur nake cirewa maimakon rabi.